Zoben Roba

Tulu ya sauko daga kan keken, ya durƙusa ya leƙa zoben robar da ke jikin shokozobar gaba, ƙarfen nan mai shanye girgizar hanya, sai ya kurma ihu har kyanwa ta tsallake katanga.

"Maman yara! Fito ki gani, na sake ragewa!"

Abokansa ne suka sa masa Tulu, kuma ba su yi masa ƙarya ba. Likita ya gaya masa ƙiri-ƙiri: ko ya motsa jiki, ko hawan jini ya kwantar da shi. Ya gwada gudu, ya gwada ɗaga ƙarfe. Kowanne sai ya yi sati biyu, ya hau sikeli, ya ga allura ba ta gusa ba, ya yi fushi ya watsar. Sikelin ma daga baya ya ba da shi kyauta.

Sai ga keken hawan dutse. Mai gyaran keke ya cika wa shokozobar iska daidai nauyinsa, ya miƙa masa ɗan famfonta, ya nuna masa zoben. In mutum ya hau, nauyinsa zai danne ta, zoben ya gusa. Mai nauyi ya tura shi nesa, mara nauyi kusa.

Shi ke nan, Tulu ya samu sikelin da yake so. Kowane mako zoben sai ya rage tafiya, shi kuwa murna kamar ya yi hauka. Mutumin da a da sai an ja shi daga kan katifa, yanzu da sassafe yana kan tudu yana haki yana waƙa.

Wando dai har yanzu yana matse shi, amma wannan laifin tela ne. Keken ya fara jijjiga masa hannu a kan duwatsu, wannan kuma laifin hanya. Ɗan famfon ya ɓace daga jaka, yara suka sha faɗa.

Matar ta fito tana goge hannu, ta duba zoben, ta riƙe baki.

"Ikon Allah! Baban yara, a haka ai iska za ta ɗauke ka."

Ya taka rawa, tumbi na tayawa. Ta yi dariya har da hawaye. Ita ce ta riƙe kansa a mota ranar da ya yanke jiki ya faɗi, kuma tsoron ranar bai sake ta ba. Jiya kuwa likita ya ce jinin ya fara sauka.

"Gobe babban tudu zan hau!" in ji shi, ya shige wanka yana fito.

Ta saurara har ta ji zubar ruwa. Sannan ta ciro ɗan famfon daga bayan tukwane, ta durƙusa gaban keken, ta ƙara wa shokozobar iska kaɗan don ta ƙara tauri, zoben ya rage tafiya, kamar yadda ta saba kowane mako.