Shuɗin Sama da Shuɗin Teku

Tabo biyu na fenti Nasrullahi ya shafa a bangon ɗakin matarsa Rahinatu, ɗaya kusa da taga, ɗaya bayan ƙofa. Ya ce na tagar shuɗin sama ne, na ƙofar kuwa shuɗin teku. Shi kaɗai ya taɓa ganin teku a gidan, don haka ba wanda ya musa masa.

An gama girbi, samarin unguwa duk sun kama hanyar Abijan neman kuɗi. Jakarsa na ɗaure a zaure. Amma ya riga ya rantse a gaban mahaifiyarsa, Inna Kulu, cewa ba zai bar Tahoua ba sai ya shafe ɗakin nan da fenti. Zaɓi ya bar wa mai ɗaki.

Nan fa aiki ya samu. Da safe na tagar ya fi haske, da la'asar na ƙofar ya fi kyau. Rahinatu ta zauna bakin gado da tsohon cikinta, tana riƙe da ƙugu, ta duba wannan ta duba wancan har idonta ya yi ruwa.

"Kak ki yi gaggawa," in ji shi. "Launi ba a zaɓa nai rana guda."

Maƙwabta suka shigo kallo, suka rabu gida biyu. Wata gwaggo ta taso daga Bambeye, ta ce makaho ma ya san na ƙofar ya fi duhu. Abokai na ta bugo waya daga Abijan, yana gaya musu cikin takaici cewa mata ba su iya yanke shawara ba. Inna Kulu ma ta fara zargin surukarta da riƙe mata ɗa. Haihuwar Rahinatu ta fari dai Nasrullahi ba ya gari, a hoton waya ya gan ta, bai kuwa taɓa tayar da zancen ba.

Ranar wata Laraba Rahinatu ta sauka lafiya, ta sami ɗiya. Nasrullahi ne ya yi wa jaririyar kiran salla a kunne.

Bayan suna ya yi wa ɗakin fenti a yini ɗaya, ya ɗauki jaka ya tafi tasha. Da Inna Kulu ta shiga rumbu neman ragowar launin da ba a zaɓa ba, ta birkice ko'ina ba ta samu ba. Sai ta tuna ranar da ya dawo daga kasuwa a kan babur: bokitin fenti guda ɗaya tak ya sauke.