Ungozomar Saman Kogi

Gadar igiyar tana lilo, kogin Lagaip yana ruri a ƙarƙashinta, amma Yakapus bai tsaya gwada ƙarfinta ba. Ya haye da sauri, ya kama hanyar da ta miƙe kan dutse.

Tun jiya matarsa Lenda take kan gwiwa a ƙauyensu Pakale. Matan da ke kanta sun ce ɗan a gicciye yake. Sun shafa mata ganye, sun yi addu'a har muryarsu ta dushe. Ɗan asibitin da ke kwarin a garƙame yake tun da ma'aikacinsa ya gudu lokacin faɗa, filin jirgi kuwa ciyawa ta cinye shi. Mutum ɗaya ce a duk kwarin ta iya juya ɗa a ciki: tsohuwa Epeam, wadda ta karɓi haihuwar rabin mutanen Pakale, har da shi kansa. Sai dai ta bar garin watannin baya, jim kaɗan bayan rasuwar ɗan wansa, ba wanda ya san inda ta sauka.

A ƙauyen Yumbis ya tarar da mata suna tonon dankali. Da ya ambaci sunan tsohuwar, hira ta mutu. Can wata ta ce ta wuce ta nan, amma ba da ƙafarta ba, ɗauke da ita aka wuce. Ya tambayi inda aka nufa da ita. Matar ta tofar da tuƙar rake, ta nuna saman kogi da haɓa. A kwarin nan ba a barin matafiyi ya wuce ba a miƙa masa gasasshen dankali ba. Ba wadda ta miƙa masa.

Hanya ta ƙara tsayi. Inda zaizaya ta cinye ta, sai ya rarrafa yana kama saiwoyi, kogin yana can ƙasa kamar zare.

A Kandal maza suna gyaran shingen aladu. Wani dattijo mai gashin tsuntsu a hula ya ƙare masa kallo daga sama har ƙasa.

"Mutumin Pakale, yau kai kaɗai? Ina ka baro gayyar taka?"

Sauran suka yi dariyar da ba ta daɗi ba. Yakapus ya sunkuyar da kai, ya ce matarsa ce za ta mutu. Dattijon ya daɗe yana sosa gemu, sannan ya ce ya je Tumbi, ƙauyen ƙarshe, ya nemi gidan fasto. Ya ƙara da cewa ba don shi ya faɗa ba, don matar tasa ce.

Daga nan hazo ya sauko, ruwa ya biyo bayansa. Sanyi ya shige shi har ƙashi. Ya wuce wata bukkar gona da hayaƙi ke fita ta rufinta, wani ya kira shi ya zo ya sha ɗumi, ya yi kamar bai ji ba. Kwanakin nan ko a gida ba ya zama kusa da murhu.

Yana tafe yana shirya abin da zai ce. Zai ba ta babban aladensa. Zai ba ta gonarsa ta bakin ruwa. Idan ƙafarta ba za ta iya ba, zai goya ta har Pakale, ba zai sauke ta ba ko sau ɗaya.

Tumbi bukkoki ne kaɗan a jikin dutse, daga su sai gajimare. Matar fasto ta tare ƙofa da jikinta, ta ce ya koma inda ya fito tun ba ta kira maza ba. Sai wata murya daga ciki ta ce a bar shi ya shigo.

Epeam tana zaune a jingine da bango, an lulluɓe ta da bargo har wuya. Ta rame ƙwarai. Ba ta gaishe shi ba, sai ta tambayi halin da Lenda take ciki: yaushe faya ta fashe, wane launi ruwan, ta wane gefe kan yake tokare. Ya amsa abin da ya sani. Ta rufe ido, ta ce wannan sai an sa hannu an lallaɓa an juya shi a hankali, kuma ba abu ba ne da ake koya wa mutum da baki. Idan ba a yi ba, uwa da ɗa duka za su tafi.

Yakapus ya zube a gabanta, goshinsa a ƙasa.

"Inna, ki taimake ni. Zan goya ki yanzun nan."

"Da da hali, da na bi ka, ɗana," ta ce. "Lenda ba ta yi mini komai ba."

Ta dubi matar fasto, ta ce ta yaye bargon. Hannuwanta suna kwance a kan cinyarta. Yatsun sun manne da juna, sun ƙanƙance kamar busasshiyar saiwa, fatar tana sheƙi. Ko ƙoƙon ruwa sai an kai mata baki.

Yakapus bai tambayi abin da ya same su ba. Ranar da Pakale ta taru ta ce Epeam mayya ce, ita ta cinye ɗan wansa, sauran mutane ihu kawai suka yi; shi ne ya gasa adda a wuta har ta yi ja, ya danne hannuwanta a kan addar.