Suracen Malam Barau

Tun da aka kafa dokar tururi, kowace tukunya a garinmu murfinta da hatimi. Bututu ke zuƙe tururin ya kai wa hukuma, ta mayar da shi ruwa.

Ranar da numfashin Malam Barau ya sarƙe, matarsa Tabawa ta ɓalle hatimin da wuƙa. Ta tafasa ganyen darbejiya, ta lulluɓe shi da bargo ya yi surace.

Ba a jima ba Sallau mai duba tukwane ya yi sallama, na'urarsa na kuka.

"Iya, tururi ya fita daga gidan nan. Kin san na hukuma ne."

"Ƙanƙara taku, ruwa naku, yanzu har abin da ke tashi sama?"

"In ban koma da shi ba, za a rufe muku famfo."

Ta yaye bargon. Tsohon ya yi sharkaf, yana numfashi ba tari.

"Ga shi can a ƙirjinsa," in ji ta. "Sa hannu ka ɗauka."

Sallau ya zaro soso daga aljihu, idonsa a kan gumin goshin tsohon.

Tabawa ta tsaya tsakaninsu, ta sa ƙafa ta ƙara tura itace cikin murhu.