Rigar da Ta Ƙi Shiga Jikin Sharifu

Sakina ta kusa sakin wayarta. Ga jarumin da ƙanenta Sharifu ke amfani da shi a wani wasan intanet yana yawo a fuskar wayar da jan rawaninsa. Tun da yaron ya bar Malbaza zuwa Libiya ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

"Inna, yana da rai!" ta ƙwala wa mahaifiyarsu kira.

Ta rubuta: "Sharifu, kana ina?"

Amsa ta zo: "'Yar'uwa, taimake ni. Na sayi rigar mata, wasan ya ce namiji ba ya sa ta. Yaya ake mai da jarumin nan mace? Mijina direba ne, a sahara ya tsinto mini wayar."

Inna ta leƙo tana murmushi. "Mi ya ce?"