Samfuri na Uku

Injiniya ya sake danna maɓallin. Tankar ruwan da ke tsakiyar fili ko motsi ba ta yi ba.

Shekara bakwai yana ƙera ƙaton mutum-mutumin yaƙi mai rikiɗa ya koma tankar ruwa don ɓad da kama. Na farko ya kife a kan katangar ma'aikata. Na biyu ya zama tanka, ya ƙi komawa mutum. Wannan na uku, Janar ya rantse in ya kunyata shi gaban baƙi, injiniya sai dai ya koma facin keke.

"Malam, zai miƙe ko in sallame ka?" in ji Janar.

"Ranka ya daɗe, na'ura ta nuna ya miƙe. Har ya ɗaga hannu."

Baƙi suka kwashe da dariya. Injiniya ya matsa kusa, ya ga tsatsa da famfo mai ɗiga. Tsohuwar tankar ma'aikata ce, wadda Janar ke aikawa gidansa kowace safiya a shayar da furanni. Ya waiga inda ya ajiye tasa, wayam.

Wayar Janar ta yi ƙara. Muryar uwargida ta fito, kowa na ji.

"Baban yara, wace irin tanka direbanka ya kawo yau? Ta miƙe, ta yaye rufin falo, ga ta tsaye a kan motarka."

Injiniya ya ɗora yatsa kan jan maɓalli.

"Ranka ya daɗe, saura gwajin harbi. A nuna wa baƙi?"