Dodon Goshin Jirgi

Kyaftin ya kalli gunkin goshin jirgi, ya kalli Velji masassaƙi, ya ce shi jirgin yaƙi ya gina, ba gidan biki ba. Yana son fuskar da abokan gaba za su hango a goshin jirgi su manta inda suka ajiye igwa. In ba a samu ba kafin a tura jirgin ruwa, to Velji ya kwashe gizagonsa, ya bar ma'aikatar jiragen Bombay.

Matsalar Velji ɗaya ce. Tun yana yaro gumakan ɗakin ibada ya koyi sassaƙawa, don haka ko zaki ya yi, sai ya fito yana murmushi. Shi kuwa gogan naka ba a taɓa ganin haƙoransa ba.

Ya rufe kansa a rumfa. Ba mai shiga sai matarsa Kanku, 'yar gidan kafintoci, mai kai masa abinci. Kullum sai an jiyo shi yana sababi wai ba gishiri a miyar wake. Ita dai ido kawai take zuba masa. Abin da ya burge ma'aikata shi ne, ƙarar gizago ba ta tsayawa ko lokacin cin abinci. Suka ce kai, tsoho ya ɗau zafi! Da yamma Kanku ta fito tana kakkaɓe gyale, ta yi gida.

Ranar tura jirgi aka shafa wa goshinsa jan gari, aka rataya furanni, aka fasa kwakwa, sannan aka yaye mayafin gunkin. Wani mai ganga ya saki sandarsa. Gira a haɗe, hanci a buɗe, leɓe a zumɓure, ga wata jijiya ta miƙe a goshi. Kyaftin da kansa sai da ya ja da baya, sannan ya rungume Velji, ya ce aiki nasa ne har ya mutu.

A hanyar gida Velji ya waiga, ya ga ba kowa, ya rage murya.

"Wai ni Kanku, a ina kika ga wannan mugun dodon da kika sassaƙa?"

Ta gyara zaman kwanon abinci a kanta.

"Bari gobe in rage gishiri a miya, Maigida, sai in zo maka da madubi."