Ranar da Aka Sauke Agogon Jami'a

Ƙofar tsohon ɗakin karatu a buɗe take, alhali jami'a tana hutu. Wannan ne laifi na farko da Malam Jan Biro ya gani. Ɗalibansa na sakandare ne suka laƙaba masa sunan, kuma ritaya ba ta raba shi da halin ba.

Jikarsa ce ta nuna masa abin a waya: wani ɗan fim yana tafiya da takalmi a kan teburin karatu, a ginin da ya girmi kowane gini a jami'ar, babban agogon bango yana bayansa. Mahaifin Malam ne ya kula da agogon nan har ƙarfinsa ya ƙare. Don haka ba kallo ya kawo shi ba. Ya zo a ba da haƙuri, kuma ya ga agogon da idonsa lafiya lau.

Wata farar mota ta jingina bayanta da matakala. Kujerar mai gadi babu kowa, rediyonsa na ta magana shi kaɗai.

A cikin baranda ya tarar da mutum kwance rub da ciki cikin kakin gadi, jan abu ya malale daga ƙarƙashinsa. Malam ya tsaya. Ya taɓa jin cewa da zuma da kala ake haɗa jinin fim. Ya dubi daɓen katakon da ya shekara ɗari ana goge shi.

"Wannan abin zai fita kuwa?"

Mutumin bai tanka ba.

"Rashin tarbiyya," in ji Malam. Ya tattare rigarsa ya tsallake.

Maza uku ya tarar a ɗakin karatun, kowa da safar hannu. Ɗaya yana kan tsani, yana cusa ƙarfe a bayan agogon.

"Kai! Sauko!"

Mai tsani bai sauko ba, sai ya dubi wani dogo da ke tsaye kusa da taga.

"Wane ne darakta a nan?"

Suka kalli juna. Dogon ya matso a hankali. "Ni ne, Baba."

"Ina kyamarar taku?"

"Tana hanya. Share wuri muke yi tukuna." Ya leƙa bayan Malam. "Kai kaɗai ka zo?"

"Ni kaɗai na ishe ku."

Na ukun ya zagaya ya tura ƙofa. Malam ya ji ƙarar sakata, amma hankalinsa na kan ƙarfen nan da ya fara tsaga katako.

"Haka ake cire agogo a gidanku? Da ƙarfi, kamar ana haƙar rijiya?"

"Ya ƙi fita ne, Baba. Kuma gobe za mu mayar da shi."

"Ya ƙi fita don ba ku tambaya ba."

Ya nuna musu ɗan maƙullin da ke ɓoye a ƙasan akwatin, wanda ya sani tun yana riƙe wa mahaifinsa kwalbar mai. Ya sa suka cire ƙarfen da ke lilo a ciki, suka naɗe shi daban. Ya hana su ɗauka sai da suka samo bargo. Dogon, wanda hannunsa ɗaya ke cikin riga tun ɗazu, ya fito da shi ya kama gefe.

Da suka biyo baranda, na kwancen ya sauya wuri. Hannunsa ya miƙe wajen ƙofa, yatsunsa na karce katako.

"Ɗan wasanku ya gaji."

"Ya kusa gamawa," in ji dogon.

A bakin mota dogon ya buɗe ƙofar gaba. "Hau mu rage maka hanya, Baba."

"Ba na shiga motar wanda bai san darajar tsohon abu ba."

Dogon ya ɗan jima yana kallonsa. Wani mai babur ya ɓullo daga kwana yana tafiya a hankali. Aka rufe ƙofa, mota ta tashi.

Ofishin kula da gine-gine yana can ƙarshen harabar. Matar da ke kan tebur tsohuwar ɗalibarsa ce, ta miƙe tana dariya.

"Malam! Wa ya faɗi jarrabawa yau?"

"Jami'arku gaba ɗaya." Ya ƙi zama. "Kun ba wa 'yan fim gini babu mai sa ido. Sun ɓata daɓe. Ba don ni ba da yanzu agogon nan ya zama itacen girki. Ni na tsaya a kansu har suka sa shi a mota. Ina so a kira daraktan ya ba da haƙuri, kuma gobe ina nan za a mayar da shi."

Dariyar ta ɗauke daga fuskarta. Ta kai hannu kan waya.

"Malam," ta ce, "'yan fim ai sun gama aikinsu sun tafi tun kafin a yi hutu."